Abin da Muka Gani a Ƙarƙashin Daɓen Inna

A gidanmu, cikin wani ƙauye tsakanin Konni da Malbaza, akwai daɓen siminti a ƙofar ɗakin mahaifiyata. Mahaifina ne ya sa aka yi shi a farkon shekarun tamanin, lokacin da manyan motocin siminti suka zama abin gani kullum a kan kwalta, mutane kuma suna ganin duk abin da aka zuba wa siminti ya rabu da lalacewa. Dā wata tsohuwar kurna ce a wurin. Da ta bushe aka sare ta, amma ba a tone kututturen ba, don Inna ta hana. A gindin kurnar aka binne cibiyata da ta ƙannena duka, kuma a wurinta ƙasar da aka binne cibiya ba a sa mata diga. Sai aka daddatse kututturen daidai da ƙasa, aka zuba marmara, aka shafe da siminti.

Bayan rasuwar mahaifina da 'yan shekaru, daɓen ya fara lotsawa. Tsaga ta ratsa shi daga tsakiya, gefen da ke wajen ɗakin ya yi ƙasa. In an yi ruwa, maimakon ya bi rariya ya fita, sai ya taru ya kwanta a gindin bango. Ɗakin na laka ne. A ƙarshen wata damina na sa yatsa a gindin bangon, ya shige kamar cikin tuwo. Na liƙe tsagar da siminti, ta sake buɗewa, na ƙara liƙewa. Na roƙi Inna ta koma sabon ɗakin bulo da na gina mata, ta ce a cikin nata ta tsufa, a ciki kuma za ta jira kiran Ubangijinta. Na san in wata damina ta same mu a haka, ko dai in fitar da ita tana kuka, ko bango ya faɗa mata.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, na aika wa taubashina, ɗan ƙanen Inna, wanda yake magini ne a Malbaza. Ya zo da gudumarsa, ya gaida ta, ya tsaya yana kallon liƙin da na yi.

"Malam, kai ka yi wanga aiki?" in ji shi. "In haka kake rubutun sha, Allah shi jiƙan masu sha."

"Kai dai duba abin da an ka kira ka," na ce masa, "ba surutu na aika a ɗauko ba."

Ya durƙusa yana ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar guduma. A gefe sautin ya fito a tsuke. Da ya iso tsakiya sai ya amsa kamar an buga ƙwaryar da aka kife a kan ruwa. Ya daina dariya.

"Gwaggo, babu komi ƙarƙashin nan. Sai mun hwashe shi mu tona."

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi. Ba ta ko ɗaga kai ba. "Ba a tona nan," ta ce.

"To in ba mu tona ba, mi za mu yi?"

"Kai ne magini."

Ya daɗe yana sosa ƙeya. Daga nan ya ce to, a bar shi ya huda 'yan ƙofofi kawai, ba zai taɓa ƙasa ba. Ta yarda. Ya sa tsinin ƙarfe da guduma ya buɗe rami kamar faɗin tafin hannu, gutsuren ya faɗa ciki, muka ji saukarsa can ƙasa. Ya ari madubin Inna, ya tari hasken rana ya karkata shi cikin ramin, yadda masu haƙar rijiya suke yi. Ya leƙa, ya yi salati, ya matsa ya ba ni wuri.

Na kwanta rubda ciki na sa ido. Har yau ban sami kalmar da ta isa abin da na gani ba. Kututturen babu shi, gara ta cinye shi tas, amma siffarsa tana nan, kamar an zare ƙafa daga cikin laka. Kowace saiwa ta zama hanya, an shafe bangonta sumul da jar ƙasa. Akwai ɗakuna a kan ɗakuna, da ƙofofi ƙanana, da layuka sirara a jikin bango kamar sawun alƙalami. Daga ƙasa har sama ga wasu ginshiƙai da ba su wuce kaurin yatsa ba, kawunansu manne da cikin simintin. A kansu muke tafiya shekara da shekaru, da mu da turmi da jakin da ke kawo ruwa. Garar kuwa ko ɗaya ba ta nan. Ta gama cin abin da aka rubuta mata ta tashi. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya koya wa makahon ƙwaro gini a cikin duhu.

Wata babbar hanya ta miƙe ta shige ƙarƙashin bangon Inna.

Washegari muka dama siminti da rairai mai laushi, ruwa-ruwa kamar kunu, don mu cika ramin ta ƙofar da aka huda. Taubashina ya yanke gindin jarka ya yi mazurari. Da na ɗaga bokitin farko hannuna ya yi nauyi, na ji kamar zan binne gari. Na yi bisimilla na zuba.

Ƙasa ta sha. Muka ƙara, ta sha. Tun hantsi muke damawa muna zubawa har aka yi azahar, ramin bai nuna alamar ƙoshi ba. Buhunan da muka tanada suka kusa ƙarewa. Taubashina ya jawo ni gefe ya ce a hankali, in bai cika da wannan ba, ramin ya fi ƙarfin mazurari, dole a fitar da Gwaggo a rushe ɗakin.

Muna cikin zuba buhu na kusa da ƙarshe sai muka ji muryarta daga ciki. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Ku ce ma wancan shi taho shi gani."

Muka shiga da gudu. Tana tsaye ta tattare zanenta. A ƙarƙashin gadonta, kusa da randa, kunun simintin yana ɓuɓɓugowa daga wata 'yar ƙofa a ƙasa, yana yaɗuwa a hankali. Ashe hanyar ta ratsa ƙarƙashin bango ta iso har inda take aza kai. Taubashina ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ya cika, Gwaggo," ya ce. "Amma ki gaya mini addu'ar da kike yi in za ki kwana."

"Ka ɓata mini ɗaki," ta ce, "tashi ka kwashe."

Bayan ya daskare muka faɗaɗa tsagar muka cika ta, muka ɗora sabon daɓe mai gangara zuwa rariya, muka lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna muna yayyafa ruwa safe da yamma. Muka janye gadonta gefe, gindin bangon ma muka yaɓe shi.

Ruwan farko ya sauko da la'asar, mai ƙarfi. Na tsaya a cikinsa ina kallon yadda yake gangarawa ya bi rariya ya fita. Da ya tsagaita na shiga ɗakin, na tarar Inna ta sunkuya tana shafa gindin bango da tafin hannunta. Ta miƙe, ta duba hannun, a bushe yake. Ta ce a mayar mata da gadon inda yake. A cikin ɗakin ta ci gaba da zama har Allah ya karɓi abinsa.