Taro na Goma Sha Biyu a Runka

Shekara huɗu ke nan ina aiki da Malam Sammani, kuma ban taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ko ranar da babur ya mace mana a hanyar Safana. Wakilin inshorar lafiya ne. Yana tara tsofaffi, ya yi musu bayanin katin da za su riƙa nunawa a asibiti a duba su, wanda ya yarda ya yi masa rajista. Ni Hassana ɓangaren mata ne nawa: shi yana ƙofar gida, ni ina ciki.

Kafin wannan aiki ya yi shekara goma sha biyar yana koyarwa a wata firamare a Batsari. Shi ya sa har yau in ya yi jimla biyu sai ya tsaya ya ce, "An gane?" Yana yi wa mai shekara tamanin, yana yi wa matarsa, ni ma yana yi mini, kuma abin yana ba ni haushi.

Da aka ɗauke mu, ofishinmu na Katsina ya ba shi majigi da farin allo da ƙaramin janareta. Sau ɗaya ya kunna su, a Yasore. Majigi yana son duhu, tsofaffi ba sa so, janareta kuma ya hana kowa jin kowa. Wani dattijo ya zauna har ƙarshe yana jiran a nuna masa Makka. Yanzu a kan allon ake shanya kuɓewa a gidan Sammani.

Kayan da ya zaɓa da kansa ba su da kwarjini. Lasifika mai batir. Buta biyu, domin ya ce tsohon da ya fita neman buta ba ya dawowa. Gwangwani cike da tabarau, kowa ya gwada har ya dace. Babbar wayar ɗaukar hoto, da na'urar ɗaukar zanen yatsa, da kwalbar man kaɗanya, saboda fartanya ta cinye zanen yatsun manoma, sai an shafa an murza kafin na'urar ta yarda mutum ne. Dokokinsa ma haka. Ba a taro ranar kasuwa, ba a yi bayan azahar. Gaisuwa ta fi bayani tsawo. Kuma kada ka tambayi wa ke da ciwo, don kowa lafiya lau yake. Ka tambayi wa ke da maƙwabci mai ciwon ƙafa, sai ka ga hannuwa sun tashi.

Da wannan ya yi wa tsofaffin ƙananan hukumomi biyu rajista, ban da mutum ɗaya: mahaifinsa, Malam Maude na Runka, malamin allo ne da ya tsufa, ƙafafunsa suna kumbura. Sammani ɗan farinsa ne, kunya ce a tsakaninsu irin ta mutanen da. In ya je gaishe shi, daga bakin zaure yake durƙusawa, kansa a ƙasa, uban ya amsa yana kallon bango. To yaya wannan mutum zai zo ya zauna a tabarma ɗan farinsa yana ce masa "An gane?" Ni mace ce, Malam ba zai ba ni hannunsa in murza ba. Sauran wakilai maza kuwa, da an ambaci hanyar Runka sai kowa ya tuna yana da biki. Sammani bai taɓa faɗa mini yana tsoro ba, amma na sani: tsoronsa ciwo ya kayar da tsohon ba shi da kati.

Dabarar da ya yi ita ce ya riƙa shirya taro a gindin darbejiyar da ke kallon zauren Malam, ya juya bakin lasifika can. Taron farko kowa ya yi rajista, ban da Malam. Bayan mako uku muka koma. Muka sake komawa. Hanya ce da ake bi da addu'a a baki, a bayan akori-kura, shi kuwa yana rungume da lasifika kamar jariri. Sau goma sha ɗaya muka je, mutane ɗaya, bayani ɗaya. Tsofaffin suka haddace. In ya tsallake wani wuri sai a ce, "Malam Sammani, ka manta awon jini." Na ce masa wannan wahalar banza ce. Ya ce, "Hassana, ai lasifikar tana kaiwa."

Tsofaffin ne suka fara gajiya. Ba sa iya ƙin zuwa, ɗan Malam ne ya kira. Sai suka tura Liman Nu'uman, abokin Malam tun suna samari. Liman da kansa ya ba ni labari. Ya ce ya shiga zaure ya ce, "Maude, don Allah ka taimake mu. Yaron nan ba ya bari sai ka ba shi ɗan yatsa. Gwiwoyinmu sun ƙare."

Zuwanmu na goma sha biyu, ko buta ba mu sauke ba aka ce Malam yana kiran ma'aikatan asibiti. Muka shiga. Yana zaune a buzu, fuskarsa a bango. Na gaishe shi, ya amsa da tsawo, ya tambayi mutanen Batsari har da ruwan bana. Sannan ya ce, "Ɗiyata, ce ma ma'aikacin ga ya yi abin da ya kawo shi."

Sammani ya matso a durƙushe. Malam ya miƙo hannu ta gefe. Aka shafa mai, aka murza, na'ura ta karɓa. Saura hoto. Wayar ba ta ɗaukar gefen fuska, sai mutum ya dube ta sosai.

"Ce mashi ya juyo," in ji Sammani, a hankali.

"Baba, wai ka juyo."

Ya juyo, amma ni ya fuskanta, inda ya ji murya. Na ce ya ƙara dama kaɗan. Ya ƙara, ya wuce. Sammani ya ɗaga wayar, fuskar ta cika gilashin, ni ma na leƙa. Idanun Malam duka biyu sun yi fari fat, yanar ido ta rufe su. Ba ya ganin wayar, ba ya ganin mai riƙe da ita. Daga baya aka ce mana ya fi shekara a haka, ya hana a faɗa, da lalube yake zuwa masallaci kafin mutane su fito. Duk zuwan da Sammani yake yi gaisuwa, kansa a ƙasa yake.

Tausayinsu ya kama ni su biyun, har na rasa wanda zan kalla. Wayar ta ɗauki hoto, ta nuna an gama. Sammani bai sauke ta ba.

"An gama?" in ji Malam.

"Saura kaɗan, Baba," na ce.

Sammani ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa hannu a jaka ya zaro littafin bayanin, wanda ya karanta wa mutane ya fi sau ɗari, ya miƙo mini.

"Hassana," ya ce, "duba mani ko akwai aikin ido."