Baƙin Baba Audu

Jama'a, wallahi abin nan da ni ya faru, lokacin ina tuƙi a gidan wani Balarabe a unguwar Nasim, cikin Riyad. Kafilin nawa, wato Balaraben da ya ɗauke ni aiki, yana da gidan hutu a kan duwatsun arewa, wajen Tabuk, mai kula da shi wani tsoho ne Bazazzagi, Baba Audu. Kullum da hantsi sai ya watsa gero a bayan gida, kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye su sauko, yana ce musu baƙinsa. Ni kuwa tsiya nake masa, in ce Zazzagawa ba su da aikin yi.

Da ciwo ya kwantar da shi aka kawo shi asibiti Riyad, aka tura ni in riƙe gidan. Ya kama hannuna ya ce, "Kai Bakano, na san rowarku, don Allah kada ka bar baƙina da yunwa." Na ce to Baba, ina dariya. Allah ya yafe mini, ko sau ɗaya ban watsa ba.

Sanyi bai ma kankama ba, ran nan da safe sai ga ƙanƙara tana zubowa kamar audugar rimi, abin da ban taɓa gani ba. Na yi irin ta gida: na hura gawayi a kasko, na shigar ɗaki, na toshe ko'ina da tsumma, na zauna ina kallon tsuntsayen ta gilashi. Sun takure kan katanga, sun kumbura gashi, kuma duk taga ɗaya suke kallo, tawa. Tausayi ya kama ni, na ce bari in ɗan ji ɗumi tukuna.

Can kaina ya yi nauyi, ƙafafuna suka mutu, wani barci mai daɗi yana jana. Sai kurciya ta bugi gilashin, wata ta biyo, suka yi ta bugu ba tsayawa. A cikin haka na ji muryar Baba Audu daf da kunnena: "Bakano, tashi ka buɗe wa baƙina!"

Da rarrafe na kai ƙofa, na faɗa cikin ƙanƙara ina amai. Da idona ya washe, Allahu Akbar, ga gero nan warwatse a saman ƙanƙarar, suna ta ci. Babu sawun kowa, mabuɗin ɗakin ajiyar geron kuma yana aljihuna.

Bayan azahar kafili ya bugo waya, ya ce Baba ya cika tun hantsi. Likitan da ya duba ni daga baya ya ce da na ƙara jimawa kaɗan, da hayaƙin gawayi ya gama da ni.

Ban san abin da na ji ba, ban kuma san wa ya watsa geron ba. Ku dai kada ku rufe ɗaki da gawayi, kuma in tsoho ya bar muku amana, ko ta tsuntsu ce, ku riƙe. Ni har yau in kurciya ta sauka tagata, sai na miƙe tsaye.