Kuɓewar Silet da rijiyar da ake bari ta huta

Muna sallame sallar asuba muka bar Tamanrasset, ni da wata maƙwabciyata mai sai da cuku, a bayan motar da ke kai kaya Silet. Ba yawo ya fitar da ni ba. Tuwo nake sayarwa. Wani mai gine-gine ya ce in riƙa ciyar da leburorinsa kullum da rana. Yawancinsu 'yan Maraɗi da Damagaram ne, sun gaji da taliya da burodi, miyar ɗanyar kuɓewa suke so. Ya ba ni zuwa Juma'a in ce e ko a'a. Kuɓewar kasuwa kuwa yau akwai, gobe babu. Sai aka ce mini wani ɗan Damagaram na noma ta a Silet.

Hanyar ba ta da laifi, sai tsawo. Hagu da dama duwatsu ne baƙaƙe kamar gindin tukunya. Jandarma suka tsai da mu, suka duba takardu, ɗaya ya shinshina buhun cukun ya mayar da sauri. A Abalessa direba ya zauna shan shayi, kofi uku, kuma bai tashi ba sai da ya shanye na ukun. Maƙwabciyata ta yi ta mita. Ni na ci dabinona.

Da hantsi muka isa. Garkar ba ta da girma: dabino a gefe, sai albasa, tumatir, yakuwa da kuɓewa. Ta wani Buzu ce, ɗan Damagaram ɗin na nomawa suna raba amfani. Manomin ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo burodin nan da suke gasawa cikin rairayi. Na ci don kunya. Haƙorana ba na wannan aikin ba ne.

Na faɗa masa abin da nake so: ya ninka kuɓewar, ni zan kwashe duka.

Ya ce, "Inna, ƙasa akwai. Ruwa ne."

Na ce, "To ka ƙara injin ban ruwa mana. Ciniki ya zo har ƙofa kana sosa ƙeya?"

Ya kai ni bakin rijiya. A jikin bangonta daga ciki ya shafa farin fenti. In ya tada inji da safe, ruwa na sauka zuwa fentin nan sai ya kashe, ko da rabin fangalin bai sha ba. Sai gobe, in rijiya ta dawo.

Daga nan ya nuna mini garkar da ke bayan shingensa. Ba ganye ko ɗaya, dabinon sun bushe a tsaye. Ya ce mai ita ya samu masu sayen kankana daga gari, ya sa inji biyu ba hutu. Ya sayi mota, kowa na yaba shi. Da rijiyar ta ƙafe, har dabinon da kakansa ya shuka suka bi ta.

Ya ce, "In na ce miki e yau, bana ki sa mini albarka, baɗi ki zage ni."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na sha doguwar tafiya a mota don in ji a'a daga bakin wanda na haifi sa'ansa. Abin da ya yarda da shi, ɗanya sau biyu a mako, sauran kwanaki yakuwa da busasshiya. Ko manyan kuɓewar da na miƙa hannu zan tsinka ya hana ni, wai iri ne.

Mun dawo gida da la'asar sakaliya, ƙafafuna sun kumbura. Ranar Alhamis na je na gaya wa mai ginin gaskiya: ɗanya kwana biyu, ba bakwai ba. Ya ɓata rai. Ya raba leburorin, rabi ya ba ni, rabi ya ba wata da ta rantse masa kullum za ta kawo. Inda za ta samo, ita ta sani.

Na tsufa cikin sana'a ina ɗauka ɗan kasuwa na ƙwarai shi ne wanda ba ya cewa babu. Yanzu na ga akwai wanda ke cewa babu don baɗi ma ya samu abin sayarwa, ɗansa ma ya tarar da ruwa. Rabin cinikin ya tafi, kuma ban yi nadama ba.