Bisada ɗan Tawadurus, Wanda Aka Binne da Sunan Aro

Haihuwa

An haifi Bisada a shekarar 1921 a garin Tahta, can kudu da Iskandariyya. Mahaifinsa Tawadurus kafinta ne, mahaifiyarsa Marta. A Tahta aka ce, ba a Faransa ba, kowa ya ji da kyau.

Karatu da alkawari

A 1933 ya shiga makarantar Firer, 'yan'uwan nan na Katolika masu asali daga Faransa da suka sadaukar da rayuwarsu ga karantar da yara. A 1940 ya ɗauki alkawarin ba aure, ba dukiya, kuma bisa al'adarsu ta wancan zamani suka tuɓe masa sunan da ubansa ya raɗa masa, suka laƙaba masa Firer Silistin.

Aiki

Daga 1942 har ƙarfinsa ya ƙare yana Iskandariyya, yana koya wa 'ya'yan 'yan dakon tashar jiragen ruwa Larabci da lissafi, Kirista da Musulmi. A yaƙin 1956, da Turawan makarantar suka kama gabansu, shi ya riƙe ta, bai rufe ƙofa ko wuni guda ba.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu a 1994, aka binne shi a maƙabartar Firer, aka rubuta "Silistin" kaɗai a dutsen kabarinsa da haruffan Turawa. Ranar addu'ar arba'in wani baƙo ya ce, "Allah ya jiƙan Bafaranshen nan." A kunnen ƙanwarsa Damyana, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Ta dira ofishin shugaban makarantar, wanda tsohon ɗalibin marigayin ne, ta ce a mayar wa yayanta sunansa a dutsen.

"Uwa, ƙa'idarmu ce," in ji shi.

"Ƙa'idarku ce ta haife shi? Kai yaro, da majina a hancinka ya koya maka baƙaƙe!"

Ta shimfiɗa baƙin mayafinta a ƙofar makaranta, kullum tana nan, har tsofaffin ɗalibai suka ji, suka cika titi. Shugaban ya sauko. A 1995 aka sassaƙa da Larabci: Bisada ɗan Tawadurus, mutumin Tahta.

Waɗanda ya bari

Bai bar ɗan cikinsa ba. Ya bar ɗalibansa: Usta Ramadan masassaƙin dutse, wanda ya sassaƙa sunan, da Dakta Mitri, da alƙali Fahim, da ɗaruruwa irinsu. Ya bar Damyana, wadda duk Lahadi take tisa ƙeyar shugaban zuwa kabarin ya karanta mata sunan da ƙarfi, in ya yi ƙasa da murya ta ce ya sake.