Yatsu Biyu a Maƙogwaro

Shekara ashirin da biyu mai wankin asibiti ya yi yana wanke zannuwan gadon marasa lafiya, kuma bai taɓa ɓoye wa matarsa komai ba. Mutum ne mai surutu. Tun daga bakin ƙofa yake fara ba ta labarin injin da ke yoyo da tabon da ya ƙi fita.

Sai ya yi shiru. Kwana tara a jere, da ya idar da la'asar sai ya zagaya wajen igiyar shanya, ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaro, ya yi wani ɗan sauti, ya saurara, ya sake. Ta taga take kallonsa. Yayansa, Allah ya jiƙansa, da taɓa wuya ya fara, yana cewa ba komai, bai rufa wata shida ba.

"Malam, wuyan ne?"

"Wane wuya kuma?"

Amsar ba ta yi mata ba. Ta koma lura da yadda yake haɗiye loma. Ta duba ƙarƙashin katifa ko akwai magani, babu. A aljihun rigar aikinsa ta sami takarda a ninke, da tambarin asibiti, da rubutun Turanci layi uku. Ba ta karanta Turanci, amma ta san takardar asibiti ba ta zuwa da wasa. Ta ajiye ta gefen kwanon abincinsa, ta zauna.

Ya dubi takardar, ya sosa ƙeya.

"Yau kuma 'yan sanda muka yi a gidan?"

"Me likita ya ce?"

"Wane likita? Sabuwar shugabarmu ce ta ce kowace safiya kowa ya tashi ya faɗi aikin da ya yi jiya, da Turanci. Zan ce na yi wanki, na ce woshid, 'yan matan nan sa'annin 'yarmu suka yi ta dariya. Wata nas ce ta tausaya ta rubuta min. Ta ce in taɓa wuyana. In ƙarshen kalma bai kaɗa maƙogwaro ba, in rufe da t: wosht. In ya kaɗa, in rufe da d: kilind. Layi na uku su ne ake ƙara wa id: liftid."

"Shi ne ka ɓoye min?"

"Da furfurata zan ce miki ina koyon magana?"

Ta daɗe tana kallonsa. Bayanin ya zauna daidai, amma na yayansa ma haka ya zauna.

"Juyo wajen haske. Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Ta leƙa, ba ta ga komai ba sai haƙorin da ya fita bara.

"Ni ba likita ba ce," ta ce. "Gobe in ka gama yi musu Turancin, ka same ni a layin katin ganin likita. Da kunnena zan ji."

"Mata, lafiyata ƙalau."

"Allah ya sa. Ci abincinka."

Washegari ta riga shi fita.