Ƙofar Ɗakin Kaka Hajo

Laminu, ɗan ƙanena, ya kawo magini ya shata ƙofar ɗakin kakarmu da alli, wai za a fasa ta. Ina kasuwar Gangara ya yi wannan aiki, ko sallama bai yi mini ba.

Yaron ya je wani tsohon gari a bakin teku, ya ga nasara, wato Turawa, suna tururuwa don su leƙa tsofaffin gidaje. Ya dawo Tanut da malafa da kalma guda a baki: proje. Wai ɗakin Kaka Hajo zai zama gidan tarihi, baƙi su zo, gari ya ci gaba. Ni kuma in riƙa yi musu tatsuniya a bakin wuta. Da tsakar rana! Don motarsu sai ta koma Damagaram kafin la'asar. Wuta da rana a nan ƙasar Damargu, ko raƙumi sai ya tashi ya bar maka wurin. Na haƙura da wannan. Sai ga zancen ƙofa: wai ta yi gajarta, baƙi za su bugi goshi.

Ƙofar nan duk mun buge ta. Muna yara, in an ci tuwo, Kaka takan hura wutar kara a ciki, mu rarrafo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shigo da gudu, ƙwal! Sai ta ce, "Madalla, ka gaida ƙofa. Yanzu zo ka gaishe ni." In mun natsu ta ce, "To ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta Bushiya. Zomaye suka zo wucewa, suka yaba raminta, sai dai sun ce bakin ya yi matsi. Bushiya ta ji daɗi, ta kwana tana haƙa. Suka dawo suka ce ƙayarta na sukarsu. Ta zauna ta tsige ta tas. Suka ci, suka sha, suka yi gaba. A nan Kaka takan gyara wuta, ta ce, "Wa ya iso da dare?" Mu ce, "Dila!" Ta ce, "Ya iske ƙofa a buɗe, nama a fige. Ko godiya bai yi ba."

Da can dariya kawai nake yi. Sai da furfura ta fito mini na gane Bushiya a gidanmu aka haife ta, har ta yi karatun lakwal, ta dawo da malafa.

Na iske Laminu tsaye da magininsa, na sa hannun riga na goge allin. Ya ce, "Baba, ci gaba ne fa."

Na ce, "Laminu, kawo baƙinka, zan hura musu wutar, mu gasu tare. Amma ubanka ya duƙa a ƙofar nan, ni ma na duƙa. Wanda ya taso tun daga bakin teku don ya ga ɗakin Hajo, ya gan shi yadda ta bar shi. In ya bugi goshi, wannan ma tarihi ne, ya tafi da shi gida."