Sandar da Aka Ɗaure da Waya

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa motar ofishin haƙa rijiyoyi, kuma a duk garejinmu ba wanda ya san sunansa na gaskiya. Sai-da-Izini muke ce masa. Ko ruwa ka miƙa masa, sai ya waiga ya ga ko akwai na gaba da shi a wurin.

Motar tsohuwa ce mai jan ƙafa huɗu. Kusa da sandar giya akwai wata gajeriyar sanda, ita ce ke saka giyar ƙarfi idan an shiga laka ko an fuskanci tudu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wani manaja ya ji a bakin surukinsa cewa wannan sandar ce ke shanye mai. Ya sa aka ɗaure ta da waya, aka buga takarda: kada a taɓa. Manajan ya yi ritaya, takardar ba ta yi ba. Kullum da safe Sai-da-Izini yana goge sandar da tsumma, kamar hoton mahaifinsa.

Da damina ta bana suka kafe a laka, sabon manaja na zaune a gaba da fararen takalma.

"Saka giyar ƙarfi mana!"

"Ranka ya daɗe, a rubuce aka hana."

Manaja ya rubuta izini a bayan ambulan. Direba ya karanta sau biyu, ya kwance wayar, ya ja. Sanda ta ƙi motsi. Da ƙafa manaja ya fita, takalmi ɗaya ya bari a can.

Aka kafa kwamiti. Sun zauna sau uku, ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar. Suka yanke cewa idan giyar ba ta shiga ba kafin ƙarshen mako, a yi gwanjon mota, a sallami direba saboda sakaci. Saura masa wata tara ya yi ritaya da mutuncinsa.

Ya kawo min motar gareji idonsa ja. Na duba, sai ga wayar ta koma wurinta.

"Baba, wa ya sake ɗaure wannan?"

"Ni. Izinin na ranar nan ne kawai. Ga ambulan ɗin, duba kwanan wata."

"To ta yaya zan gyara?"

"Kai ne bakanike, ɗana. Ka gyara ba tare da ka taɓa ba."

Na ce ya juya ya kalli bango. Na sa filaya na datse.

Ni ba na zaman kwamiti, kwanciya nake a ƙasa. Ƙarfen da ya haɗa sandar da akwatin giya ya yi tsatsa, laka ta bushe a kansa ta zama dutse. Ba abin da ya karye. Zama ne ya kashe ta. Na kankare, na jiƙa da kananzir, na bar ta ta sha, na bi da guduma a hankali, na cika giris. Man akwatin ya koma kamar kwalta, na zubar na zuba sabo.

"Hau. Tsaya cak, taka kuloci, sa babbar a firi. Yanzu ja ƙaramar."

Ya hau, ya kama ƙaramar sandar. Ya ja, ta yi ƙara ta tsaya rabi.

"Bar ta ta ɗan gangara. Yauwa. Ja kuma."

Ƙwas. Ta shiga. Tudun bayan gareji, wanda jakuna ke zagayewa, motar ta haye shi tana gurnani kamar mai jin haushin an tashe ta.

Kwamiti ya rubuta cewa matakan da ya ɗauka sun yi nasara. An bar mota, an bar direba. Amma ba wanda ya tuna ya soke tsohuwar takardar, shi kuwa ba zai tambaya ba, kada a ce ya yi shisshigi.

Na gaya masa idan bai motsa sandar duk mako ba, za ta sake kafewa. Don haka duk mako yana zuwa da sabuwar waya a aljihu. Ya kalli bango, na datse. Mu hau tudu mu sauko. Ya ɗaure da hannunsa, ya goge da tsumma, ya koma ofis bai karya doka ba.

Saura wata bakwai.